LPN a Amurka: a fara da ƙaramin digiri ko a tafi babban kai tsaye?

Wata ƙanwata ce, ɗiyar kawuna, ta kira ni wajen ƙarfe biyu na dare tana hutun rabin awa a wurin aiki. Shekararta shida tana aikin LPN, wato ƙaramar nas mai lasisi, a wani gidan kula da tsofaffi nan Amurka, 'ya'ya uku, maigidan direban babbar mota ne sai ya yi sati bai kwana gida ba. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Yaya ni fa na gaji, yarinya za a kawo jiya-jiya ta gama makaranta, ni zan nuna mata inda ake ajiye safar hannu, bayan wata uku ita ce ke sa hannu a kan aikina. Zan koma makaranta amma kaina ya ɗaure, wasu sun ce in yi ADN, wasu sun ce ɓata lokaci ne in tafi BSN kai tsaye, kowa da tasa." Na ce to ki bari in kin tashi aiki kin yi barci mu yi magana, don wannan ba zancen rabin awa ba ne. Kuma ba ita kaɗai ba ce, duk inda mutanenmu suka taru a ƙasar nan, ko 'yan Zango na Gana da ke Bronx ne, ko 'yan Nijar da ke Greensboro, ko 'yan Najeriya na Houston da Maryland, sai ka sami wadda ke kan wannan mararrabar, har da maza ma don yanzu suna shiga aikin sosai.

Ga wanda bai san tsarin ba, aikin nas a nan hawa-hawa ne. A ƙasa akwai CNA, masu wanka da ciyarwa da juya mara lafiya, kwas ɗin 'yan makonni ne, kuma ta nan yawancin baƙi ke shiga. Sai LPN, wanda a Kalifoniya da Teksas suke kira LVN, karatun kamar shekara ɗaya ne sannan a zauna jarrabawar NCLEX-PN. LPN na ba da magani, tana wanke ciwo, tana auna hawan jini da siga, tana sa robar fitsari, a gidajen tsofaffi ma sau da yawa ita ce ke riƙe da bene guda cikin dare, amma a doka ƙarƙashin RN, wato cikakkiyar nas mai rajista, ko likita take aiki. A jihohi da dama ba ita ke yin duban farko na tantance mara lafiya ba, ba ita ke tsara yadda za a yi jinyarsa ba, akwai alluran jijiya da ba a yarda ta tura ba, ƙarin jini ma haka, kowace jiha dai da iyakar da hukumar nas-nas ɗinta ta shata. Sama da ita sai RN. To hanyar zama RN ɗin ce ta rabu biyu: ADN, wato ƙaramin digiri da ake yi a kwalejin al'umma wanda a takarda shekara biyu ne, da BSN, cikakken digirin jami'a na shekara huɗu.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba tun farko, kuma a kansa komai ya rataya, shi ne mai ADN da mai BSN jarrabawa ɗaya suke zaunawa, NCLEX-RN, tambayoyi iri ɗaya, kwamfuta ɗaya, kuma lasisin da jiha za ta ba su iri ɗaya ne sak, ba a rubuta a jikinsa wace makaranta ka bi ba. Babban tsallen yana tsakanin LPN da RN ne, ba tsakanin ADN da BSN ba. Alƙaluman ofishin ƙididdigar ƙwadago na Amurka na watan Mayun 2024 sun sa matsakaicin albashin LPN a dala 62,340 a shekara, na RN kuma 93,600. Tazarar ta haura dala dubu 31. Amma tsakanin nas biyu masu RN a ɗaki ɗaya, ɗaya da ADN ɗaya da BSN, a asibitoci da yawa bambancin ɗan ƙari ne a kan kuɗin awa, wani wurin ma babu ko sisi. Saboda haka duk shekarar da mutum ya ƙara yana LPN alhali zai iya zama RN, kuɗi ne yake bari a ƙasa. Sai dai kar a ruɗe da wancan 93,600 ɗin, matsakaici ne da ya haɗa tsofaffin hannu da 'yan Kalifoniya masu albashin ban mamaki, sabuwar RN a wata jihar kudu ba za ta fara da shi ba, kuma LPN da ta daɗe tana kwasar ƙarin awoyi a gidan tsofaffi tana iya ganin albashinta na farko a asibiti ta ce au, dama wannan ne?

To me ya sa aka yi hanya biyu zuwa lasisi ɗaya? Tsohon rikici ne. Bayan yaƙin duniya na biyu Amurka ta shiga ƙarancin nas, a lokacin kuma yawancinsu a makarantun da ke jikin asibitoci ake horar da su shekara uku, kusan irin makarantun jinya da muka sani a gida. Sai wata malama, Mildred Montag, a kwalejin horar da malamai ta jami'ar Columbia, ta rubuta kundin digirinta na uku a 1951 ta kawo shawarar a riƙa horar da nas cikin shekara biyu a ƙananan kwalejoji. A nufinta wannan nas ɗin mataimakiya ce ta fannin aikin hannu, tana ƙarƙashin mai digirin jami'a. Amma da aka fara yaye su sai aka bar su suka zauna jarrabawa ɗaya da kowa, suka ci, asibitoci suka kwashe su, shi ke nan bambancin da ta tsara ya narke. A 1965 ƙungiyar nas-nas ta Amurka, ANA, ta fitar da matsaya cewa digirin jami'a ya kamata ya zama mafi ƙarancin shaidar ƙwararriyar nas. Tun daga lokacin ake ta maimaita wannan maganar. Jiha ɗaya tak ta taɓa mayar da ita doka, Dakota ta Arewa a 1987, ita ma a 2003 ta janye. Duk lokacin da aka taso da zancen sai ƙarancin ma'aikata ya danne shi, don asibitin ƙauye ba ruwansa da muhawarar farfesoshi, hannu yake nema.

Amma fa masu goyon bayan BSN ba da baki kawai suke magana ba, suna da hujja kuma ya kamata a faɗe ta yadda take. A 2003 Linda Aiken ta jami'ar Pennsylvania da abokan aikinta suka wallafa bincike a mujallar JAMA a kan asibitoci 168 na jihar, suka ga duk ƙarin kashi 10 cikin 100 na nas masu digiri a asibiti yana tafiya da raguwar kusan kashi 5 na yiwuwar mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30. A 2014 aka yi irinsa a ƙasashen Turai tara, ya fito a Lancet, can ma raguwar ta kai kashi 7. Tun kafin na Turan ma cibiyar nazarin lafiya ta ƙasa, IOM, a rahotonta na 2010 ta sa burin kashi 80 na nas su zama masu BSN kafin 2020. Ba a kai ba, amma an matsa sosai, binciken ma'aikata na 2022 ya nuna sama da kashi 70 na RN suna da BSN ko abin da ya fi shi. Ni abin da nake cewa a kan waɗannan binciken shi ne, asibiti suke aunawa ba mutum ɗaya ba. Asibitin da ke iya tara masu digiri galibi shi ne mai kuɗi, mai likitoci ƙwararru, mai kayan aiki, masu binciken sun yi ƙoƙarin cire tasirin waɗannan a lissafi amma ba wanda zai ce maka LPN mai shekara shida a bakin gado da ta ƙara ADN ta fi yarinya 'yar 22 mai BSN haɗari ga mara lafiya. Wallahi wadda ta saba gane tsoho zai rikice tun daga yadda ya ƙi shan shayinsa da safe, ba a aji aka koya mata ba. Abin da BSN ke ƙarawa yawanci darussan lafiyar al'umma ne, da shugabanci, da yadda ake karanta bincike, da ƙididdiga, da rubuce-rubuce masu yawan gaske. Suna da amfani, amma ba su ne ke koya maka samun jijiya a hannun mai ƙiba ba.

Sai dai ko ka yarda da binciken ko ba ka yarda ba, masu ɗaukar aiki sun yarda, kuma su ke da wuƙa da nama. Akwai wata lambar yabo da ake kira Magnet da asibitoci ke rububinta, kusan ɗaya cikin goma ne ke da ita, kuma tun 2013 sharaɗi ne shugabannin nas na sassa a irin waɗannan asibitocin su kasance da digiri a fannin jinya. Ba a ce dole kowace nas ta bakin gado ta zama mai BSN ba, amma asibitin na son adadin ya riƙa hawa, don haka in takardu biyu suka zo gaban mai ɗauka ka san wadda zai fara ɗagawa. Ƙungiyar jami'o'in koyar da jinya, AACN, ta ce a 2023 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na asibitoci na sharɗanta BSN ga sababbin ɗauka, kusan kashi 70 kuma sun fi son mai shi, ko da yake a riƙa tunawa ƙungiyar masu sayar da BSN ɗin ce, mai tuwo ba ya kushe miyarsa. Jihar Niyok kuwa doka ta yi, gwamnan lokacin Andrew Cuomo ya sa hannu a Disambar 2017, duk sabuwar RN da ta shigo da ADN tana da shekara goma ta kammala BSN. Ka lura da kyau, ko Niyok ɗin ba ta rufe ƙofar ADN ba, wa'adi ta sa. Aikin nas na cikakken soja, na ƙasa ko na ruwa ko na sama, sai da BSN. Wanda kuma ke hangen zama NP, mai duba marasa lafiya da rubuta magani, ko mai ba da maganin barci a ɗakin tiyata, to digiri na biyu ko na uku ke gabansa kuma BSN ne hanyar da aka fi bi.

Shi ya sa tambayar farko da na yi wa ƙanwata ba ta makaranta ba ce, cewa na yi a ina kike son yin aiki, kuma asibitocin garinku wa suke ɗauka? Wannan ba sai an yi duba ba, a buɗe shafin guraben aiki na manyan asibitoci uku mafi kusa a karanta. Wani zai rubuta sai mai BSN, wani zai ce an fi son mai BSN, wani kuma zai ce za mu ɗauke ki da ADN amma ki sa hannu za ki kammala BSN cikin shekara uku ko biyar. A manyan birane masu tarin jami'o'i irin su Boston ko tsakiyar Niyok ko San Francisco, mai ADN na iya shan wuya kafin ta sami shiga babban asibiti, sai ta koma gidan tsofaffin da ta gudo daga gare shi, sai dai yanzu da RN a ƙirji. A ƙananan garuruwa da yawancin jihohin tsakiya da kudu kuwa tun kafin ki gama ake zawarcinki.

Yanzu lissafin lokaci, inda aka fi yaudarar kai. Shekara biyun ADN a takarda ne kawai. Kafin a kalli takardar neman shigarki sai kin gama darussan share fage, ilimin sassan jiki da aikinsu kashi na ɗaya da na biyu, ilimin ƙwayoyin cuta, Turanci, lissafi, ilimin halayyar ɗan Adam, wani wurin har kemistiri, kuma ga mai aiki cikakke wannan kaɗai shekara ce ko fiye. Makarantu da yawa ba sa karɓar darussan kimiyya da suka wuce shekara biyar ko bakwai, wasu kuma abin da aka yi a makarantar LPN mai zaman kanta ba sa lissafa shi sam. Sai jarrabawar shiga, TEAS ko HESI. Sai jira, don kwalejin al'umma mai arha kowa ita yake so, kujeru kaɗan ne, ana iya ƙin ɗaukar mutum da maki mai kyau sau biyu. Ƙarancin malamai da wuraren koyon aiki ne ke jawo haka kuma jami'o'in ma bai bar su ba, AACN ta ce a 2023 an mayar da takardun nema sama da dubu 65 na waɗanda suka cancanta. Inda LPN ta ci riba shi ne akwai kwas na musamman da ake kira gada, ana yafe mata zangon farko ko shekarar farko saboda lasisinta, sai ta gama cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. In aka haɗa da share fage, shekara biyu zuwa uku ke nan kafin RN. Gadar LPN zuwa BSN ita ma akwai, jami'ar jihar Indiana na cikin waɗanda suka daɗe suna yinta ta intanet, amma share fagenta ya fi yawa, ga tarihi ga ƙididdiga ga sauran darussan gama-gari na jami'a, jimla shekara uku zuwa huɗu, ga mai tafiya a hankali ma fiye. Wadda ta bi ta ADN kuma, in ta zama RN, cikon BSN ɗin ana yinsa ta intanet cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a irin su jami'ar WGU ko jami'ar Teksas ta Arlington, kusan duk rubutu ne, ba sai an koma tsayuwar koyon aiki a asibiti kamar da ba. Ka ga a ƙarshe su biyun kusan lokaci ɗaya za su riƙe BSN, bambancin shi ne ɗaya ta yi shekara ɗaya ko biyu daga ciki tana karɓar albashin RN, tana kuma tara shekarun gogewa da ake lissafawa wajen ƙarin albashi.

Kuɗin makaranta kuwa ba a ma haɗa su. A lissafin College Board na shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, matsakaicin kuɗin kwalejin al'umma ga ɗan yanki kusan dala 4,000 ne a shekara, jami'ar gwamnati ga ɗan jiha kusan 11,600, jami'a mai zaman kanta sama da 43,000. Tallafin Pell na gwamnatin tarayya, wanda ba a biya, iyakarsa dala 7,395 a shekara ga ɗan ƙasa ko mai girin kad da ya cike FAFSA, fom ɗin neman tallafin karatu, kuma samunsa bai yi yawa ba, wato zai iya rufe kuɗin kwalejin al'umma gaba ɗaya amma a jami'a mai zaman kanta ko cikin cokali bai kai ba. Kuma yana ƙarewa, zango 12 ne a rayuwa, abin da aka ci lokacin LPN yana cikin lissafi. Sannan ga abin da ya sa nake karkata ga a fara da ADN: asibitoci da yawa suna biya wa nas ɗinsu kuɗin cikon BSN, doka ta yarda ma'aikata ta biya har dala 5,250 a shekara ba tare da an cire haraji a kai ba, tunda su ke son adadin masu digirinsu ya hau ai sai su biya. A karanta yarjejeniyar dai, galibi akwai sharaɗin za ki zauna musu shekara ɗaya ko biyu, in kin tafi ki mayar da kuɗin.

Akwai kuma abin da masu ba da shawara a makarantun nan ba za su taɓa kawo miki ba don ba ya cikin lissafinsu, maganar kuɗin ruwa. Bashin karatu a nan da ruwa yake, na gwamnati da na banki duka, akwai wani nau'in na gwamnati da ba ya fara tara ruwa sai an bar makaranta amma daga baya zai fara. Mutanenmu da yawa ba sa son shiga wannan, wasu sun tambayi malamai sun sami sassauci saboda larura, wasu sun ce a'a ko kusa, ni ba malami ba ne ba zan yanke wa kowa ba. Abin da na sani shi ne hanyar kwalejin al'umma sannan asibiti ya biya ciko ita ce kusan hanya ɗaya da mai ƙaramin ƙarfi zai kai BSN bai ci bashi ba ko ya ci kaɗan. Wanda ya riga ya ci kuma akwai shirin Nurse Corps da ke biyan kashi 60 na bashin in mutum ya yi shekara biyu a wurin da ake ƙarancin ma'aikata, da ƙarin kashi 25 a shekara ta uku, amma gasa ce ba kowa ke samu ba.

Kar kuma wani ya ce miki ai ta intanet ne, za ki yi a kan gado. Duk kwas ɗin da zai kai ki ga RN na farko sai kin je koyon aiki a asibiti da jikinki, ranar da suka ga dama, ƙarfe shida da rabi na safe, ba ruwansu da kin kwana diyuti ko yaro na zazzaɓi, in kin yi fashi sau biyu ko uku a wasu makarantun kin fita. Makin cin jarrabawa ma ba 50 ba ne, da yawa 75 ne zuwa sama, faɗuwa biyu a kore ki. Yawancin masu yi sai sun rage aiki zuwa ƙarshen mako kawai. Iyali na iya daure wa wannan matsin wata 15, amma shekara uku wani abu ne daban, ga haya ga inshora ga 'yan uwa a gida da ba su san an rage awoyi ba, su dai sun san wata ya ƙare.

To su wa BSN kai tsaye ya fi dacewa da su? Na farko wanda ya zo da digiri daga gida. Muna da su da yawa, mutum ya gama BUK ko ABU ko jami'ar Abdou Moumouni ko Legon a fannin ilimin halittu ko ma tattalin arziki, ya zo nan ya fara daga CNA. Irin wannan in ya kai takardunsa aka tantance a WES ko ECE, masu tantance takardun karatun ƙasashen waje, aka ce daidai suke da digirin nan, yana iya shiga BSN na gaggawa na masu digiri, wata 12 zuwa 18, ko kuma a yafe masa yawancin darussan gama-gari. Sai dai na gaggawar nan yana da tsada, kuma ba a haɗa shi da aiki, sannan mai digirin farko ko daga wace ƙasa ya samo shi ba ya cin tallafin Pell, wannan ya kama mutane da yawa ba shiri. Na biyu yarinya ko saurayi da ba nauyin kowa a kansu, suna gidan iyaye, su kam su wuce jami'a kawai a gama da shi. Na uku wadda ke garin da asibitoci suka rufe ƙofa ga ADN kuma ba ta da niyyar tashi. Na huɗu wadda layin jiran kwalejin garinsu ya kai shekara biyu alhali jami'a ta ce zo gobe, nan lissafin ya juye, don arhar da za ta sa ki zauna jira kina LPN ta zama tsada. Akwai ma wuraren da suka haɗe hanyoyin biyu, kamar kwalejojin Maricopa a Arizona inda ɗalibi ke yin ADN yana ɗaukar darussan BSN na jami'a a lokaci guda, a Filorida da Teksas da Washington kuma wasu kwalejojin al'ummar da kansu suke ba da BSN, ya kamata a tambaya kafin a ɗauka zaɓi biyu ne kawai.

Wanda ya fi duk wannan haɗari shi ne gaggawa. Makaranta sai ta cika sharaɗi biyu, amincewar hukumar nas-nas ta jiha, wadda ke ba ki damar zama jarrabawa, da kuma tantancewar ƙasa daga ACEN ko CCNE ko CNEA, wadda ke sa wata makarantar ta karɓi takardarki gobe. CCNE daga BSN zuwa sama take tantancewa, don haka in ADN ne ACEN za ki fi gani. Akwai makarantun kuɗi da ke da na farkon ba su da na biyun, ba layi ba jira, ki biya dubun-dubatar daloli ki zama RN, ranar da kika nemi ciko a jami'a a ce ba a san wannan takardar ba. Hukumomin jihohi suna wallafa kashi nawa na ɗaliban kowace makaranta suka ci NCLEX a zaman farko, a duba, ba a ɓoye yake ba. A Kalifoniya akwai wata gajeriyar hanya ta LVN da ake kira zaɓin kiredit 30, tana kai mutum ga RN amma ba digiri, kuma wasu jihohin ba sa karɓar wannan lasisin, sai ka zama ɗaurarre a jiha ɗaya. Can ƙarshen gaggawar kuma shi ne abin da ya fashe a Janairun 2023, binciken da hukumomin tarayya suka sa wa suna Operation Nightingale, inda aka gano wasu makarantu a kudancin Filorida sun sayar da takardun kammalawa na bogi sama da 7,600, kowace har kusan dala dubu 15, kuma kimanin mutum 2,400 sun ci jarrabawar da su sun sami lasisi. Da yawan waɗanda suka sayi takardun, CNA ne da LPN da suka gaji da jira, baƙi irinmu, kuma da Teksas ta fitar da sunayen waɗanda take tuhuma jaridun Najeriya sun yi ta ɗauka saboda yawan sunayen gida a ciki. Lasisi ya tafi, kuɗi ya tafi, har wanda ya yi karatunsa da gumi sai da aka riƙa yi wa takardarsa kallon biyu.

Laifin ADN ɗaya ne a wurina, daɗin albashin farko. Mutum ya zama RN, kuɗi ya ƙaru, a sayi mota, a fara gini a gida, a ce BSN sai baɗi, baɗin nan har shekara goma. Mu da muka san yadda mai HND ke kai wani mataki a aikin gwamnati a Najeriya ya tsaya cak yana kallon yaran da ya koya wa aiki suna wuce shi, ba sai an yi mana dogon bayani ba, ko nas ɗinmu na gida da suka yi makarantar jinya ta shekara uku ai ga su nan suna komawa neman digirin BNSc da furfura. Aikin bakin gado yana cin baya da gwiwa, awa 12 a tsaye ana ɗaga manya, kuma ayyukan da mutum zai so ya koma in ƙarfi ya fara raguwa, koyarwa, shugabancin sashe, lafiyar al'umma, bin diddigin jinyar marasa lafiya daga ofis, yawancinsu BSN suke tambaya.

Da muka yi waya washegari na ce mata, ke da 'ya'ya uku da miji a kan hanya, ba digiri daga gida, kuma asibitocin garinku biyu cikin uku sun rubuta suna ɗaukar ADN da sharaɗin ciko, ki bi ta gadar kwalejin al'umma, ki nemi shiga makarantu uku lokaci ɗaya kar ki dogara da ɗaya, kuma watan da lasisin RN ya fito a watan za ki cike fom ɗin BSN tun kan jikinki ya manta da karatu. Ta ce "Yaya kai fa ba ka da tausayi." Na ce ki je ki karɓo sakamakonki na makarantar LPN tukuna mu ga me za su lissafa. Ta je, darasin sassan jikin da ta yi ya wuce shekara bakwai, sai ta sake shi daga farko, Turanci da lissafi ne kawai suka tsira. Ta yi rajistar na bazara, aji ranar Talata da Alhamis da yamma, ta roƙi a mayar da diyutinta Juma'a zuwa Lahadi, wata maƙwabciyarta 'yar Maraɗi za ta riƙa ɗauko mata yara daga makaranta.